Sawun Keke Zuwa Jiratawa

A daminar shekarar da aka yi rikicin tazarce, wata safiyar Litinin, Madam Balki ta buɗe ɗakin karatunta da ke unguwar Zariya ta tarar babu babban akwatin ordinatar, wato kwamfuta. Ƙofa a kulle take yadda aka bar ta, ba a taɓa taga ba, sauran na'urori uku suna nan lulluɓe da zannuwansu. Tebur na huɗu ne kawai ya zama fili, wayoyi na reto a gefensa.

Wanda bai san Maradi ta wancan lokaci ba zai ce ai akwati ɗaya ne. To amma a lokacin ba kowa ke yawo da intanet a aljihu ba. Jami'a a Yamai yau a buɗe gobe a rufe, yajin aiki na bin yajin aiki. Shi ya sa Madam Balki, tsohuwar malamar lissafi, ta buɗe wannan ɗaki, ta haɗa ɗalibai goma sha huɗu da wata jami'ar ƙetare mai koyarwa daga nesa. Darasi ɗaya yakan ci yini guda kafin ya sauko, in an ɗauke wuta a koma daga farko. Wata bakwai suka yi suna tara darussa a cikin akwatin nan, a cikinsa kuma kowa ya ajiye rubutunsa na ƙarshen shekara, wanda za a aika nan da kwana goma. Wanda bai aika ba, shekararsa ta tafi.

Kafin azahar unguwa ta gama yanke hukunci. Masu zaman shayi suka ce Jibo mai gadi ne, ai shi ke riƙe da makulli. Mata a bakin famfo suka ce Ya'u ne, ɗan ƙungiyar ɗalibai, wanda ke yawo yana cewa masu karatu ta intanet sun ci amanar yajin aiki. Dattawan masallaci kuwa suka karkata ga Nabil, ɗan wani attajiri mai sibar, wato shagon intanet, a Sabon Gari, tunda ɗakin Madam ya janye masa ɗalibai.

Iyayen ɗalibai suka matsa a kai Jibo kominsariya, wurin 'yan sanda. Madam Balki ta roƙi kwana uku, ta ce wa Jibo ya koma garinsu Jiratawa ya jira. Ita 'yar Tibiri ce, tana ƙarama ta ga yadda aka bi sawu aka gano bijimin mahaifinta da ya ɓata. Tun da safe ta kife robobi da kwanduna a kan sawun da ke bayan ɗakin, ta aika a kira mata Barmo.

Barmo ya iso da la'asar a bayan babur ɗin kabu-kabu, sandarsa a gicciye kan cinya. Ya haura saba'in. A da, daga Tibiri har bakin iyaka, in saniya ta ɓata ko an fasa rumbu, sunansa ake fara kira. Ya san ƙafar kowa a garinsu, har yakan duba hanyar rijiya ya ce wance tana da ciki tun kafin surukarta ta sani. Yanzu kwalta ta ci hanyoyi, takalman roba duk iri ɗaya, ya yi shekara huɗu ba wanda ya neme shi.

Ɗalibai suna zaune jugum a kan sumuntin baranda. Wani dattijo a cikinsu, mai furfura a gemu da tsohuwar jaka ta fata, ya jawo masa kujera ya gaishe shi da ladabi.

“Wannan Mushe Maman Lawali ne,” in ji Madam Balki, da laƙabin da ake kiran malaman boko da shi. “Shekara talatin yana koyarwa a firamare, yanzu ya dawo ɗalibi. Shi ne babanmu a nan.”

“Sannu da ƙoƙari, Mushe,” in ji Barmo.

“Baba, abu ɗaya zan ce,” in ji Mushe, idonsa a ƙasa. “Jibo ba ɓarawo ba ne.”

“Mu gani,” in ji Barmo.

Ya shiga ɗakin shi da Madam. Bai san kan na'ura ba, bai kuma yi kamar ya sani ba. Ya tsaya gaban teburin da aka kwashe, ya ɗaga wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ba a fizge su ba. A bakin kowace akwai ɗan farin zane.

“Ɗiyata, wanga zanen mi ne?”

Ta matso ta duba. “Lambobi ne, Baba. Ɗaya, biyu, uku, har biyar. Da alli aka yi. Wataƙila wanda ya haɗa mana su ne ya sa.”

“Wa ya haɗa?”

“Nabil.”

Suka zagaya baya, ta ɗaga robobin. An yi ruwa ya ɗauke kafin kiran assalatu, ƙasa ta kwanta luf, duk abin da ya taka ta bayan nan ya bar shaidarsa. Barmo ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, wani daɗi da ya manta da shi ya taso masa. Ga silifas ɗin mai gadi. Ga kuma takalmin fata wanda dugadugansa suka cinye ta waje, tare da keke mai faci a tayar baya, facin na barin tabo duk bayan taku uku. A bakin ƙofar gida ƙafafun biyu sun tsaya suna fuskantar juna, kamar yadda mutane ke tsayawa su gaisa. Daga nan silifas ya nufi masallaci a hankali, takalmin fata ya shiga ciki.

Fitowar ce ta bambanta. Mutumin bai hau keken ba, tura shi yake yi. Tayar baya ta nutse, takunsa ya gajarce ya karkata, alamar hannu ɗaya na kan kai, ɗaya na riƙe da kaya a baya. Barmo ya bi sawun ta lungu biyu har bakin kwalta. Nan ya ƙare. Abin da ya iya gani kawai, keken ya juya kudu.

“Kudu ai hanyar Jiratawa ce,” in ji wani mai shayi da ya biyo su. “Ba mun faɗa ba?”

Barmo ya juya ya kama hanyar komawa.

Washegari da hantsi ya zauna da Saudatu, wadda ɗaliban suka zaɓa shugabarsu. Ita ce ta fi kowa hannu a kan na'ura, idanunta sun yi ja.

“Shafi sittin na rubuta, Baba. A kan ruwan sha a ƙauyukan gulbi. Na ajiye kwafi a kile ɗina, amma na wata biyu da suka wuce ne.”

“Mi ne kile?”

Ta ciro wani ɗan abu kamar yatsa daga jakarta. “A nan ake ɗaukar rubutu daga wannan na'ura zuwa waccan. Madam ta hana a sa na waje a babban akwati, saboda cuta.”

“Har su ma suna ciwo?”

Ta ɗan yi murmushi. “Suna yi.”

Ya tambaye ta yadda zaman ɗakin yake. Sai ta saki jiki tana ba shi labari: yadda suke zama uku-uku a gaban na'ura ɗaya, yadda suke tafi in darasi ya gama saukowa, ranar da muryar malaminsu ta fara fitowa daga ƙetare har mai sayar da ƙosai ta leƙo ta amsa sallama. Ta ce da yawansu a nan suka fara taɓa ordinatar, suna neman haruffa da yatsa ɗaya.

“Kowa ya iya yanzu?”

“Kusan kowa. Mushe ne dai kullum idonsa na ciwo. A takarda yake rubuta nasa, ya ce sai ya gama duka zai buga. Ba wanda ya kai shi iya rubutu, Baba. Mu ma shi ke gyara mana Faransanci.”

“Wa kike zato?”

“An ce an ga Ya'u da asuba ranar Litinin, da kaya a bayan keke.”

Ya sami Ya'u a zauren gidansu, rediyo na ta maganar ƙuri'ar raba gardama. Saurayi ne siriri mai saurin baki, sanye da takalmin fata.

“Na san abin da ya kawo ka, Baba. E, na ce sun ci amana. Muna kan titi ana watsa mana hayaƙi, su suna ɗaki suna sauraron Bature. Har gobe zan faɗa. Amma ƙanwata na cikinsu. In sace karatun ƙanwata?”

“Kayan da ka ɗauko da asuba fa?”

Ya'u ya leƙa waje, sannan ya ɗaga tabarma. Takardu ne ɗauri-ɗauri, masu kiran a fito zanga-zanga.

“In ka faɗa, a gidan kaso zan kwana.”

“Ba takarda aka aiko ni nema ba. Taka nan in gani.”

Ya'u ya taka rairayin zaure. Da yatsu yake tafiya, kamar mai shirin gudu, dugadugansa ko taɓa ƙasa ba su cika yi ba. Barmo ya duba tayar kekensa, sabuwa ce ful. Ya yi masa sallama.

Sibar ɗin Nabil na Sabon Gari, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da kayan babur. Samari sun cika shi, wasu na rubuta wasiƙa, wasu na kallon ƙwallo. A ɗakin baya akwatuna sun kai goma a jibge, wasu a buɗe hanjinsu a waje. Mutanen da suka rako Barmo suka fara zunguri juna.

Nabil ya sa aka kawo wa Barmo ruwan sanyi. “Duba su duka, Baba. Mahaifina na shigo da irinsu mota-mota daga Kwatano. Me zan yi da tsohon akwatin Madam? Ni na haɗa mata shi kyauta.”

“Kai ka sa wa wayoyin lamba da alli?”

Nabil ya yi dariya. “Alli? Baba, zo ka gani.” Ya juyo da bayan wani akwati, ya miƙa masa waya. “Sa ta inda ka ga dama.”

Barmo ya gwada rami na farko, ta ƙi. Na biyu, ta ƙi. A na uku ta shige.

“Ka gani? Kowace waya da raminta, ba ta shiga na wata. Wanda ya yi sati ɗaya da ordinatar ya san haka. Sai wanda ke tsoronta ne zai tsaya sa lamba.”

Barmo ya daɗe yana jujjuya wayar a hannunsa. Ɓarawon da zai sayar ba ruwansa da wace waya ke shiga ina. Wanda ya sa lamba yana da niyyar mayarwa. Ya iya boko, bai iya na'ura ba, kuma yana yawo da alli.

Ranar Laraba ya tafi Jiratawa. Rabonsa da garin tun kafin a shimfiɗa kanal ɗin ban ruwa, lokacin da fadamar ke cike da itatuwan giginya da kuka, yana bin sawun raƙuma uku har kwana biyu. Yanzu ko'ina zogale ne kore shar, mata na tsinka suna cika buhuna.

Ya sami Jibo a garkar ƙaninsa, yana cire ciyawa. Mutum ne gajere mai sanyin magana. Tun da ya dawo, in ji matarsa, bai je masallaci ba, bai zauna dandali ba, don labari ya riga shi isowa.

Suka zauna a kan kunya. Barmo ya ɓare goro ya ba shi rabi.

“Jibo, na ga inda kuka tsaya kuka gaisa. Ka ba shi makulli ka tahi masallaci. Ba ranar ce farko ba, ko?”

Jibo ya ci gaba da tauna goronsa.

“Gobe wa'adi ke cika. In ba a samu akwatin ba, kominsariya za su kai ka.”

“Na sani.”

“To wane ne?”

“Baba Barmo, an ce mini kar in faɗa ma kowa, na ce to. Ban ga an ɗauki komi ba. Da na dawo ƙofa na kulle, makulli na ƙarƙashin dutse inda muke ajewa. Abin da na sani ke nan.”

“Shina barinka ka ɗauki kayan da ba naka ba.”

“Zai zo,” in ji Jibo. “Mutum ne. Wani abu ne ya same shi.”

Barmo bai matsa ba. Ya tashi ya bi gefen kanal a hankali, idonsa a ƙasa. Dabbobi da amalanke sun tattake hanyar tun Litinin, amma mai tura keke da kaya yakan raɓe gefe don ya kauce wa mutane. A gindin wata bishiyar bedi, inda laka ta bushe, ya ga tabon facin. Taku uku, ga wani. Ya bi shi yana ɓacewa yana dawowa, har ya kai shi ga makarantar firamare a bayan gari. Ana hutu, ciyawa ta rufe fili. Sawun ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin ajiya mai kwaɗo. Ya shiga da nauyi, ya fito sakayau, wannan karon a kan keken.

Wata tsohuwa na kiwon awaki a bakin shinge.

“Inna, wa ke riƙe da makullin wanga ɗaki?”

“Sai Mushe babba mana. Maman Lawali. Can Maradi yake kwana, amma nan ya tsufa.”

Barmo ya tsaya yana kallon kwaɗon. Dutse ɗaya zai buɗe shi. Ya juya ya nemi motar Maradi.

Ranar Alhamis da hantsi Madam Balki ta tara su a ɗakin karatu yadda Barmo ya nema: ɗalibai, Ya'u, Nabil, mai unguwa da iyaye biyu. An ɗauko Jibo daga Jiratawa, ya rakuɓe a bakin ƙofa. Mushe Maman Lawali ya zo a ƙafa, da silifas, jakarsa a hammata. Barmo ya kalli inda ya taka a tsakar gida sau ɗaya, ya kau da kai. Ko da wane takalmi, dugadugan nan ta waje suke ci.

“Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba,” in ji Barmo. “Ina son ku nuna mini abu guda. Ga akwati nan. Kowa ya cire wayoyinsa ya mayar.”

Aka dubi juna. Nabil ya fara, yana yi yana hira. Ya'u ya yi cikin fushi, bai ko sunkuya sosai ba. Saudatu ta yi, wasu ɗalibai uku suka yi. Jibo ya ce shi bai taɓa taɓawa ba, ba kuma zai fara yau ba.

“Mushe, saura kai.”

“Idona, Baba...”

“A hankali. Ba sauri muke ba.”

Mushe ya durƙusa a bayan akwatin. Ya kalli wayoyin. Ya miƙa hannu ya janye. Sannan, kamar hannun ba nasa ba, ya shiga aljihun rigarsa ya fito da guntun alli. Sai da ya kai shi bakin waya ta farko ya ga abin da yake yi.

Madam Balki ta dubi wayoyin da ke reto a teburi na huɗu, ta dubi allin, ta zauna.

“Mushe,” in ji Barmo a hankali, “na je har ƙofar ɗakin ajiya. Ban buɗe ba. Na bar maka.”

Mushe bai tashi daga durƙuson ba. Da ya fara magana, da muryar aji ya fara, sannan ta karye.

“Wata bakwai ina zaune a cikinku ban iya ba. Idona lafiya lau. Yaran da na koya wa riƙe alƙalami suna bugawa da yatsa goma, ni in na kama ɗan ɓeran na'urar nan sai kibiyar ta gudu. Na kasa cewa ku koya mini. Sai na roƙi Jibo ya riƙa ba ni makulli da asuba, in yi awa ɗaya ni kaɗai. Ranar Lahadi na kai rubutuna wani wuri a kasuwa aka buga mini, aka sa a kile. Na ce in zuba shi a akwati, ku tarar da shi kamar ni na buga.” Ya ajiye allin a ƙasa. “Ina sawa, sai komi ya ɓace. Darussa, sunayenku, duka. Na kashe na kunna, babu. Na ce na kashe karatun mutum goma sha uku. Sai na ɗauke shi, in kai Katsina a gyara in mayar kafin a gane. Da na isa Jiratawa na ji tsoron kan iyaka da halin da ake ciki. Na ce gobe. Gobe ta yi na ce jibi.”

“Kana ji ana kiran Jibo ɓarawo,” in ji mai unguwa.

“Ina ji.”

Saudatu ce ta share ido ta ce, “Mushe, da ka sa kile ɗin, sunayen sun ɓace ne gaba ɗaya, ko sun koma wasu 'yan hotuna masu kibiya?”

“Wasu sun koma haka. In na taɓa ba sa buɗewa.”

Ta dubi Nabil. Nabil ya riga ya ciro makullin motarsa.

Kafin azahar akwatin na kan teburinsa, an naɗe shi da tsohuwar taswira da bargo yadda Mushe ya adana shi. Saudatu ta zauna, Nabil na tsaye a kanta, sauran sun yi cincirindo a baya. Barmo na gefe, ba ya gane komai sai fuskoki. Ta yi 'yan danne-danne, ta buga layi ɗaya, ta jira. Sai ya ga kafaɗunta sun sauka.

“Suna nan,” ta ce. “Cutar ɓoye su take yi, ba ta sharewa. Duk suna nan.”

Wata ɗaliba ta fashe da kuka. Ya'u ya rungume ƙanwarsa yana cewa har yanzu dai maciya amana ne. Abin bai kai minti goma ba. Mushe na tsaye jikin bango yana kallon sunayen suna dawowa ɗaya bayan ɗaya.

“Da ka tambaye ni, Mushe,” in ji Saudatu, ba ta juyo ba. “Sau nawa na kawo maka rubutuna ka cika shi da jan biro? Na taɓa jin kunya?”

Mushe ya ajiye jakarsa, ya fita tsakar gida inda Jibo ke zaune, ya cire hula ya durƙusa a gabansa. Ba a ji abin da ya ce ba. Jibo ya kama hannunsa ya ɗaga shi, ya ce, “Kwana uku, Mushe. Sun yi tsawo.” Iyakar maganarsa ke nan.

Da aka sallame azahar, Mushe ya miƙe a masallacin unguwa ya faɗi komai da bakinsa, bai rage ba. Washegari ya maimaita a masallacin Juma'a na Jiratawa, a gaban mutanen da rabinsu ya koya wa karatu. Iyayen ɗalibai suka janye maganar kominsariya. Mutum goma sha uku suka aika rubutunsu kan lokaci. Mushe ya ce ba zai aika abin da wani ya buga masa ba, shekararsa ta tafi. Ya sake zama daga farko, da rana tsaka, Saudatu na gefensa tana cewa, “Ba nan ba, Mushe, sake,” yana cewa, “To, Malama.” Shekara biyu bayan nan ya samu takardarsa, watanni kaɗan kafin ya yi ritaya.

Jibo bai koma gadi ba. Madam Balki ta je Jiratawa sau biyu tana roƙonsa, ya ce ya yafe wa kowa, amma ba zai iya sake wucewa ta gaban masu shayin nan kullum ba.

Wannan shi ne aikin Barmo na ƙarshe. Ɗakin ma bai daɗe ba. Wayoyin hannu suka zo, kowa ya koma karatu shi kaɗai a ɗakinsa, aka mayar da wurin shagon sayar da atamfa. Waɗanda suka zauna uku-uku a gaban na'ura ɗaya sun watsu, wasu a Yamai, wasu a Damagaram, in sun haɗu a biki har yanzu zancen ɗakin suke yi.

Barmo ya sake ganin Jibo sau ɗaya, a kasuwar Tibiri, ya kawo zogale. Lokacin idon Barmo ya fara hazo, da murya ya gane shi. Suka zauna a inuwar rumfa suka gaisa har suka gaji, sannan Barmo ya yi tambayar da ta daɗe a ransa.

“Jibo, da ban zo ba, da an kai ka. Da ka faɗa?”

Jibo ya kalli masu wucewa.

“'Ya'yana biyar Mushe ya koya ma karatu,” ya ce. “Ni ban iya rubuta sunana ba, bai taɓa bari sun gane ba. In takarda ta zo daga lakwal, sai ya biyo ni garka ya karanta mini, in na koma gida in yi kamar ni na karanta.” Ya miƙe ya ɗaura buhunsa. “Da na ci gaba da jira.”